Tsintsiyar da Na Ɗaure a Saman Benen Ayi

Shekara guda ke nan har da ɗoriya da dawowata daga Chaina, amma har yau ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tambaye ni, a gidan biki a tambaye ni, har a wajen gaisuwar mutuwa sai da wata ƙawata ta matso ta yi ƙasa da murya ta ce wai da gaske ne suna cin kwaɗi. Masu shigowa falona kuwa tambayarsu ɗaya ce: me ya sa na rataye tsintsiya a bango kusa da agogo? Kowa ina ba shi guntun labari, in faɗi wannan in manta wancan. To na gaji. Ga shi nan gaba ɗaya, wadda ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita.

Kun san sana'ata kayan yara ne. Na daɗe ina sara a Kantin Kwari a hannun masu zuwa waje, alhali ƙanin maigidana, Habu, yana zaune a Guangzhou shekara biyar, aikinsa haɗa 'yan kasuwarmu da masu kaya da tura kwantena. Duk ranar da ya bugo waya sai ya tsokane ni, wai bakina ne kawai ke da ƙarfi, jirgi na ɗagawa zan fara kiran sunan Yayansa. Don in ƙure shi na nemi biza. Sai na faɗa a shekarar da Chaina ta karɓi wasannin Olamfik, lokacin da suka kulle ƙofa tamau. Sau biyu ana maido mini da fasfo ba komai a ciki. Sai da aka gama wasannin, aka kwashe wata biyu, sannan Allah ya yi.

Daga Kano Legas na yi, daga can Addis Ababa. A wajen jira a Legas na haɗu da Hajiya Rabi, 'yar Maraɗi, mai sayar da takalma, wannan zuwanta na shida. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ga leshi mai nauyi da takalmi mai tsini, ta ce ko ɗaurin aure za ni? Ta ciro safa daga jakarta ta ba ni. Na karɓa ina jin haushi, amma kafin mu bar Addis na shi mata albarka ya fi a ƙirga. Zancen Habu kuwa, to, ban kira sunan kowa ba, sai dai hannun Hajiya Rabi ya sha matsa.

A wajen buga fasfo wata yarinya ce a zaune, fuskarta ba yabo ba fallasa. Ta dubi hoton, ta dube ni, ta sake duban hoton, sannan ta yi mini alama in ja mayafina baya ta ga kunnuwana. Na ja. Ban san me ta gani a kunnen ba, ta dai buga hatimi. A wajen kwastan, wanda Hajiya Rabi ke ce wa duwan, wani ɗan ƙaramin kare ya zo ya zauna a gaban jakata ya ƙi tashi. Kilishin da na ɗauko wa Habu tun daga gida, shi ke nan, an tafi da shi. Kuka suka ɗauka ganyen shayi ce suka bar mini. Daddawa kuwa jami'in ya buɗe robar, ya kai hanci, ya rufe da sauri, ya miƙo mini da hannu biyu cikin ladabi. Ko'ina a filin jirgin hotunan 'yan tsanar Olamfik ne suna ɗaga hannu, ba a kai ga cire su ba.

Habu na waje yana jira. Ko gaisawa ba mu gama ba ya tambayi kilishinsa, na ce ya je ya tambayi kare.

Masauki shi ne ya so ya zama matsala. Tun lokacin wasannin ƙananan otal-otal suka daina karɓar baƙi irinmu, manyan kuma sun fi ƙarfina. Habu da abokansa uku, duk maza, suna haya a hawa na biyu na wani gida mai hawa huɗu a lungunan Xiaobei, unguwar da mutanenmu suka fi yawa. Ba zai yiwu in zauna a cikinsu ba. Sai ya roƙi mai gidan, wata tsohuwa da ke zaune a hawa na huɗu, ta ba ni wani ɗan ɗaki da ke can saman rufin. Kowa Ayi yake ce mata, wato kamar mu ce Gwaggo.

Gajeruwa ce, ta haura saba'in, tafiyarta ta fi tawa sauri. Ranar farko ta tare ni a matakala tana ɗaga murya tana nuna cikina. Na ce wa Habu ni fa ba na son wulaƙanci, in ba ta son zamana ta faɗa. Ya yi dariya har da riƙe bango. Ashe tambayata take ko na ci abinci, kuma a wajensu gaisuwar ke nan. Mu mu tambayi gida, mu tambayi yara, mu tambayi gajiya da ƙafa da hanya, su tambaya ɗaya suke yi. Washegari ita da kanta ta raka ni ofishin 'yan sanda aka rubuta sunana a matsayin baƙuwarta, don dokar garin ke nan. A wajen tsallaka titi ta kama hannuna kamar wata jikarta.

Ƙofar ɗakina kan rufin take buɗewa, kuma rufin nan lambu ne. Tukwane ne manya da ƙanana, har da tsohon bahon wanka cike da ƙasa. A jikin katanga akwai ciyawa doguwa, ta kai ni tsayi, ta fitar da kai fari-fari mai laushi irin na gamba, ganyenta ya soma zama ruwan ƙasa. Akwai wasu 'yan itatuwa da ba su wuce ƙugu ba, ganyensu ya fara ja daga baki-baki, wasu kuma rawaya. Wani abu mai yaɗo ya lulluɓe bangon ɗakina, shi ma ya ja. Can bayan tankin ruwa akwai wata 'yar bishiya a babbar tukunya. Furanni masu rai ma akwai, ruwan goro da ruwan hoda. Da na gani na ce a raina, Allah sarki, lambun tsohuwa ya fara mutuwa.

Gara in gaya muku abin da ni ban sani ba a lokacin. Lambun ba na Ayi ba ne, na mijinta ne, Baba Lin, wanda ke kwance a asibiti wata biyu, ɓarin jikinsa ɗaya ya shanye. Shi mutumin can arewacin ƙasar ne, aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Guangzhou tun yana saurayi. A garinsu in kaka ta yi, ganyen itatuwa kan rine ya koma ja da rawaya kafin ya zube, mutane har fita suke yi kallo. Guangzhou kuwa gari ne mai ɗumi, shekara ta zagayo komai kore shar. Sai ya kwashe shekaru yana tara 'yan tsiran da za su yarda su rine a wannan gari, su ma sai sanyi ya ɗan leƙo, kuma na 'yan makonni kawai. A shekarar yana kwance yana ƙirga kwanaki, burinsa a sallame shi kafin kalar ta wuce. Abin da ya hana shi sakin jiki da ciwon ke nan. Ni iyakar abin da na sani, mijinta na asibiti, kullum da safe tana kai masa abinci.

Kasuwa ita ta ɗauke mini hankali a makon farko. Da safe mu biya ta benen Tianxiu inda ofishin su Habu yake, ka ji Hausar Kano, ka ji ta Maraɗi da ta Kumasi duk a lif ɗaya. Daga nan sai Shisanhang, inda ake sarin tufafi. Ban taɓa ganin cinkoso irin wannan ba, kuma ni 'yar Kwari ce. Ciniki da kalkuleta ake yi: ta danna ta miƙo, in goge in danna nawa. Kowa lawban yake ce mini, wato shugaba, har wadda ta girme ni. In ka nemi abin da babu, a ce maka meyo, a juya ga na bayanka, ba wani "sai dai gobe in Allah ya kai mu". Da farko na ɗauka rashin mutunci ne, daga baya na gane ba su da lokaci ne kawai.

Abinci kuwa wajen Musulminsu masu fararen huluna muke ci. Taliya ce ake ja da hannu a gabanka a jefa a romon naman shanu. Tsinkayen cin abincinsu sun ƙi ni na ƙi su, cokali na riƙa yawo da shi a jaka. Ka nemi ruwa a kawo maka mai zafi, ko da gumi kake yi. Na yi mita har Hajiya Rabi ta ce in na ƙara magana za ta bar ni a nan.

Ranar kwana na tara, a wani lungu na Shisanhang, wani mai tura kaya a kura ya taho da dila-dilai sun fi shi tsayi, bai gan ni ba ni ma ban gan shi ba. Ƙarfen kurar ya daki idon sawuna. Kafin mu kai gida ƙafa ta kumbura, washegari zazzaɓi ya rufe ni. Habu ya kai ni aka duba, aka ce ba karaya, sai dai kwanciya. Da ƙyar aka hau da ni bene, na kwanta ina kuka ina tuna 'ya'yana.

A nan na san wace ce Ayi. Da hantsi ta turo ƙofa riƙe da tukunya sabuwa fil, takardar kanti na manne a jikinta. Ta nuna mini takardar, ta danna hancinta sama da yatsa ta yi gurnani irin na alade, sannan ta kaɗa hannu ta ce, "Meyo, meyo." Wato wannan tukunya alade bai taɓa shiga cikinta ba. Ina zazzaɓi amma sai da na yi dariya, dariyar ta koma hawaye. A tukunyar ta riƙa dama mini kunun shinkafa da kifi da citta. Ta kawo wani baƙin magani mai ɗacin tsiya ta tsaya a kaina sai na shanye. Ta ɗora ƙafata a cinyarta tana murzawa da wani mai, tana yi mini faɗa da yarenta, ni kuma ina ba ta amsa da Hausa. Kwana shida muna haka, ga jinyar mijinta.

Daga kan gado nake hango ta kullum da safe. Kafin ta tafi asibiti sai ta zagaya lambun, ta tsinki jan ganye guda ɗaya ta saka a jakar abinci. Na ce lallai aiki ya yi wa baiwar Allah yawa, matattun ganyen ma ɗaya-ɗaya take iya cirewa. Ashe kai masa take yi ya ga inda kalar ta kai.

Da na samu sauƙi na rasa da me zan saka mata. Na ba ta atamfa, sai da ta ƙi sau uku sannan ta karɓa, da yamma ta kawo mini lemo cike da leda. Na ba ta turaren wuta, ta kawo mini rigar sanyi. Duk abin da na miƙa sai ta rama da wanda ya fi shi. Ni kuma kun san ni, ba na iya zama da alherin mutum a kaina ban motsa ba. Sai na dubi lambun. A gidanmu ba a barin busasshiyar ciyawa a jikin ɗaki, ko don maciji ko don gobara. Ganye in ya yi ja ko rawaya ya gama aiki, cire shi ake yi itacen ya huta. Na ce yawwa, ga abin da ba za ta iya ramawa ba. Mijinta zai dawo ranar Lahadi, Habu ya faɗa mini, bari ya tarar da wuri tas.

Ranar Juma'a tana fita na ɗaura zani na ɗauki wuƙar kicin. Na fara da ciyawar, na yanke ta tun daga gindi, tukunya bayan tukunya. Da na ga kanta ya yi kyau sai na zauna na ɗaure tsintsiya biyu da igiyar dila, ɗauri irin na Innata. Na bi 'yan itatuwan na tsige duk ganyen da ya rine, na bar musu korayen. Na sulluɓe na jikin bango iya inda hannuna ya kai. Na share, na tara a buhu, na ajiye a bakin matakala. Furanni ban taɓa su ba. Ta bayan tanki ma na so in kai gare ta, ƙafa ce ta hana ni tsallaka bututun ruwa. Har waƙa nake yi.

Habu ya hawo bayan an sauko daga masallaci, riƙe da samfurin wasu riguna. Ya tsaya a bakin ƙofa. Na ce ya faɗi gaskiya, wuri bai yi kyau ba?

"Hajiya," ya ce, "me kika yi?"

Tun da na shigo gidansu bai taɓa yi mini magana ba wasa a ciki ba sai ranar. Ya zauna a kan wata tukunya da aka kife, ya ba ni labarin Baba Lin kamar yadda na ba ku. Ya ce shekara uku yana gidan, duk kaka sai tsohon ya kira su sama ya ba su shayi ya nuna musu ganye ɗaya-ɗaya. Na hau shi da faɗa, na ce me ya hana shi gaya mini tun farko? Ya ce ta ina zai san zan ɗauki wuƙa? Gaskiyarsa ce, amma a lokacin neman wanda zan ɗora wa nake yi.

Muna nan Ayi ta dawo. Matar da ko gaisuwa sai ta ɗaga murya, ranar ko uffan ba ta ce ba. Ta bi tukwanen da kallo. Ta sunkuya ta shafa gindin ciyawar inda na yanke. Ta ga tsintsiyoyin a jingine, ta ɗauki ɗaya ta jujjuya, ta mayar. Habu ya fara yi mata bayani, ta ɗaga masa hannu, ta sauka. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, kuma ba na fatan in sake ji.

Washegari ina da alƙawari da masu ɗinka mini kaya, na ce su jira. Muka ɗauki tasi ni da Habu da Hajiya Rabi zuwa kasuwar furanni da ke hayin kogi, ina ɗingishi. Na ɗauki jan ganye ɗaya ina nunawa rumfa-rumfa. Meyo, meyo. Wani dattijo ya yi wa Habu bayani cewa irin itacen akwai, amma duk kore ne, don a inuwa mai ɗumi ake renonsu. Kalar ba sayenta ake yi ba, sai itace ya sha rana ya sha sanyi a inda yake. Da na rasa yadda zan yi na rungumo wani babban dami na furanni farare da rawaya. Matar mai rumfar ta tambayi Habu na wane ne, da ta ji na marar lafiya ne sai ta zare su daga hannuna. Ashe irinsu ake kai wa makabarta. Hajiya Rabi ta ce, "Ke dai Hajiya, rungume hannunki har mu koma gida." Ƙarshe da 'yan tukwane biyu na ciyawa muka dawo, ko gwiwa ba su kai ba.

Ayi ta karɓa ta jera su a jikin katanga, ba ta ce sun yi ba, ba ta ce ba su yi ba. Buhun ganyen kuma na duba bakin matakala ban gan shi ba, na ce masu shara sun kwashe. Da la'asar na haɗa kayana zan koma wajen Hajiya Rabi, don ba ni da idon da zan kalli tsohon. Ayi ta gan ni da jaka a matakala. Ta fizge ta, ta mayar ɗaki, ta ƙwala wa Habu kira ya zo ya fassara.

"Ta ce ba inda za ki. Wai kin ci abinci a tukunyarta, ki tsaya ki gaishe da mai gidan."

Ranar Lahadi da hantsi aka kawo shi. Gidan ba lif, sai Habu da abokansa uku suka ɗora shi a kujerar katako suka ɗauka, biyu gaba biyu baya. Dogo ne, ya rame, bakinsa ya karkace gefe guda. A hawa na huɗu suka so su sauke shi, ya buga hannun kujerar da hannunsa mai lafiya yana nuna sama. Ina biye da su a baya.

Da aka tura ƙofar rufin sai na ga abin da ban zata ba. Ashe Ayi ce ta ɗauke buhun. Ina ƙasa ina jiran isowarsu ta hau ta zazzage shi, ta baza ganyen tun daga bakin ƙofa har gindin tanki, ja da rawaya da ruwan goro, sun kwana biyu sun bushe. 'Yar bishiyar bayan tanki, wadda ƙafata ta hana ni kaiwa, ta sa an jawo ta fili, ta yi jawur tun daga sama har ƙasa.

Suka ajiye shi a tsakiya. Ya daɗe yana kallon gindin ciyawarsa. Ba zan yi muku ƙarya ba, ya ji ciwo, na gani a idonsa. Ayi ta shiga ba shi labari, muryarta ta dawo yadda na san ta, tana nuna ni, tana nuna ƙafata, tana kwatanta yadda na riƙe wuƙa. Ni dai na durƙusa a gabansa kamar yadda zan durƙusa wa mahaifina, na ce ya yafe mini, da Hausa, don ba ni da wani yaren.

Bai dube ni ba tukuna. Ƙasa yake kallo. Ya yi wata magana wadda Ayi kaɗai ta gane, ta sunkuya ta cire masa takalmi da safa a ƙafarsa mai lafiya. Ya sa tafin ƙafar a cikin ganyen ya ja a hankali. Suka yi ƙara, ƙaras-ƙaras. Ya sake ja. Ya yi ta yi, mu duka muna tsaye, hawaye na bin gefen bakinsa da ya karkace. Sannan ya yi magana mai ɗan tsawo, Ayi ta maimaita wa Habu, Habu ya juyo gare ni.

"Ya ce rabonsa da ya taka ganyen kaka tun yana saurayi a garinsu. Wai shekara da shekaru a tukunya kawai yake kallonsu, don matarsa ba ta barin ko ɗaya ya kwana a ƙasa, da ya faɗo ta share."

Ayi ta kai wa mijinta duka a kafaɗa, ta ce wani abu da ya sa abokan Habu dariya. Ashe ni da ita duk jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Ya sa aka miƙo masa tsintsiyoyin. Ya gwada ɗaurin da babban yatsa, ya gyaɗa kai. Ya ɗora ɗaya a cinyarsa, ya miƙo mini ɗaya.

"Ya ce ɗaurin ya yi. Amma ba yanzu ake yankan ba, sai sanyi ya wuce. Wai in kina son aikin ki dawo lokacin, zai ajiye miki wuƙa."

Na karɓa da hannu biyu yadda na ga suna yi. Na ce shiye-shiye, ita ce godiyarsu, kuma iyakar abin da na iya ke nan. Ayi ta sauka ta hawo da shayi, muka zauna a cikin ganyen har azahar.

Sauran kwanakina biyar na yi su a gidan. Kullum da hantsi su Habu su hau da shi kafin su tafi ofis, ni kuma in gaishe shi in wuce kasuwa. Kayana suka kammala, aka loda, Habu ya raka motar har tashar jiragen ruwa ta Nansha. Ranar tafiyata Ayi ta naɗe mini tsintsiyar a jarida, ta cusa mini tukunyar nan ta kunu a jaka, na ce ba wuri, ta ce akwai. A Legas wani jami'i ya zaro tsintsiyar ya ce Hajiya, har Chaina kika je sayen wannan? Na ce masa e.

Ban koma ba. Da damina ta tsaya Habu ya bugo waya ya ce Baba Lin ya rasu. Ciyawar ta sake tsirowa, har ta fi ta bara tsayi, amma bai kai ga ganin ta fitar da kai ba. Wato kakarsa ta ƙarshe ke nan, ni kuma na yanke masa rabinta da wuƙar kicin. Shi da matarsa ba wanda ya bar ni na taho da nauyin wannan abu. Har gobe in na tuna sai na gode musu, in kuma gode wa Allah da ya haɗa ni da su.

Waɗanda suka san gidana sun san bishiyar furut ɗin nan ta tsakar gida. Shekara ashirin ina rigima da Alhaji maigidana a kan ya sare ta, saboda duk lokacin sanyi sai ta cika mini gida da ganye, a share da safe a share da yamma. A shekara ashirin ɗin nan ban taɓa ɗaga kai na dube ta ba, ƙasa kawai nake kallo ina tsaki. Bana na ɗaga. Jawur take, kamar ta bayan tanki.

Na ce wa yara kada wanda ya share sai na ce. Alhaji ya fito zai tafi kasuwa, ya tarar da ni tsaye a gindinta ba takalmi, ina jan ƙafa a cikin ganye. Ya tsaya ya dube ni, ya ce to, har yanzu a kira mai sara ko a bari?

Na ce a bari.